Mai Taɓin Hankali Da Ya Yi Ɓarna: Bayan Alƙali Ya Sallame Shi, Wa Ke Riƙe Da Shi?

A wannan wata mun ɗauko wata magana wadda ba a cika son yin ta a bainar jama'a ba, ko da yake da wuya a sami zango a Paraku ko Jugu da ba ta taɓa shiga ba. Maganar kuwa ita ce ta mutumin da ciwon taɓin hankali ya sa ya ji wa wani rauni, ko ya cinna wuta, ko ma ya yi kisa, aka kai shi gaban shari'a, alƙali ya ce ba ya cikin hayyacinsa lokacin da abin ya faru, saboda haka babu hukunci a kansa. To, daga nan sai ina? Wa zai ci gaba da sa masa ido, har tsawon wane lokaci, kuma in wa'adin ya cika, wa ke da ikon ƙara shi?

Abin da muka gani da idonmu

A cikin yaran da suka bi ta hannunmu a aji akwai wani, ba za mu faɗi sunansa ko unguwarsu ba, yaro mai natsuwa, mai kyan rubutu. Da ya bar lakwal sai aka kai shi koyon ɗinki, har ya sami keken kansa. Yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai sai barci ya ƙaurace masa, ya riƙa magana shi kaɗai, yana cewa ana kiran sunansa ta bayan katanga. A gida aka ce iska ce, wasu suka ce sammu ne na abokan sana'a. An sha rubutu, an yi hayaƙi, har tunkiyar uwarsa an sayar. Ran nan da hantsi wata maƙwabciya ta shigo aron turmi, sai ya ɗauki taɓarya ya sauke mata, wai ita ce ke aiko masa da muryoyin. Allah Ya yi da sauran kwananta a gaba, amma ta karye a hannu, kanta kuma ya fashe.

Aka kama shi, ya yi fiye da shekara a tsare kafin likita ya duba shi ya rubuta rahoto. Alƙali ya karanta, ya ce babu shari'a a kansa. Aka miƙa shi ga kawunsa tare da maganin wata guda da wata takarda da Faransanci. Takardar nan aka linke aka sa a ƙasan akwati, ba wanda ya karanta ta, ashe a cikinta ne aka rubuta ranar da zai koma ganin likita. Magani ya ƙare, ciwo ya dawo. Baiwar Allah da aka dokan nan kuwa in ta ji muryarsa ko ƙofar gida ba ta iya leƙawa, har mijinta ya ce ko dai a ɗaure shi ko su tashi daga unguwar. Aka kira maƙeri. Wata bakwai yaron nan ya yi a ɗakin baya da mari a ƙafa.

Mu ba mu sani ba sai da ƙanwarsa, wadda take ajinmu a lokacin, ta fara fashin zuwa. Da muka bincika sai muka tarar ita kaɗai yake yarda ya karɓi abinci daga hannunta. Ita ce ta kawo mana takardar muka karanta. Yau dai alhamdu lillahi yana karɓar allura duk wata, ya koma kan kekensa. Amma in aka duba, kowa a cikin labarin nan ya yi abin da ya ga zai iya: likita ya rubuta, alƙali ya yanke, kawu ya karɓa, maƙwabta sun nemi tsira. Abin da aka rasa shi ne mutum guda da aka ɗora wa alhakin bin sawu, da rana guda da aka ajiye don a sake duba maganar.

Abin da doka ta ce

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin kotu a Paraku lokacin shari'ar manyan laifuffuka ya ji ana karanta takardu a kan wanda ake tuhuma: takardar laifuffukansa na baya, da binciken halinsa a unguwa, da rahoton likitan ƙwaƙwalwa. Wannan rahoto na ƙarshe shi ke faɗin ko mutumin yana cikin hankalinsa lokacin da ya yi abin. Asalin wannan kuwa tun zamanin Turawa ne. Dokar laifuffuka ta Faransa ta 1810, wadda aka shimfiɗa a wannan yanki da wata doka ta 6 ga Mayu 1877, ta ce a sashe na 64 babu laifi a kan wanda yake cikin hauka sa'ad da ya aikata abu. Da ita ƙasarmu ta yi ta aiki bayan samun mulkin kai, lauyoyi suna kiran ta Code Bouvenet, har zuwa 28 ga Disamba 2018 da aka sa hannu a sabuwar dokar laifuffuka mai lamba 2018-16. An sake doka, amma tushen maganar bai sake ba: ba a hukunta wanda ciwo ya raba da hankalinsa.

Mu kanmu wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, domin kuwa tun a makarantar zaure mun ji cewa an ɗauke alƙalami daga kan mahaukaci har sai ya warke, kuma malaman Malikiyya ba sa yi masa ƙisasi, diyya ce ke hawa kan danginsa. Wato shari'a ta ɗauke masa hukunci, amma ba ta ɗauke wa dangi alhaki ba, ba ta kuma manta da wanda aka cuta ba.

Sai dai sashe na 64 ɗin nan iyakarsa ƙofar kotu. Bai faɗi inda za a kai mutumin ba, bai faɗi ranar da zai fito ba. A Faransa wata doka ce daban, ta 30 ga Yuni 1838, ta ba gwamnan jiha ikon tsare shi a asibiti, kuma ita wannan doka ta yi shekara 152 kafin a sake ta a 1990. Daga wannan giɓi ne ɓarna iri biyu ke fitowa: ko a rufe mutum a manta da shi, ko a sake shi babu mai lura har dangi su sa shi a turu.

Mantuwa a tsare, da mari a gida

Misalin mantuwa yana nan a Gambiya. A ƙarƙashin dokar ƙasar ta tsare mahaukata ta 1917, an riƙa kai mutane sashen Campama a Banjul, babu hanyar ɗaukaka ƙara, babu ranar sake dubawa. Wasu masu kare haƙƙin marasa lafiya su biyu, Purohit da Moore, suka kai ƙara gaban Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Afirka. A watan Mayu 2003, a zaman da ta yi nan kusa da mu a Yamai, hukumar ta yanke cewa wannan doka ta saɓa wa Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan'adam, ta nemi a soke ta, a kuma kafa kwamitin masana da zai duba maganar duk wanda ke tsare. Wannan hukunci ya shafe mu kai tsaye, domin sashe na 7 na tsarin mulkinmu na 11 ga Disamba 1990 ya mai da ita wannan yarjejeniya wani ɓangare na dokar ƙasa.

A Nijeriya ma haka abin ya daɗe. Dokar mahaukata ta 1958, wadda ta samo asali daga ta 1916, ita ce ta yi ta aiki har zuwa Janairu 2023 da shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. A 2008 ƙungiyar Amnesty International ta ba da rahoton cewa akwai masu taɓin hankali a gidajen kason ƙasar waɗanda ko laifi ba a tuhume su da shi ba.

Misalin mari kuwa ba sai mun je nesa ba, amma wanda duniya ta gani shi ne na Rigasa a Kaduna, inda a watan Satumba 2019 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300 daga wani gidan mari, manya da yara, da yawa da sarƙa a ƙafa. Bayan 'yan makonni aka sake samun irinsa a Daura. A 2020 ƙungiyar Human Rights Watch ta ce ta sami shaidar ɗaure masu taɓin hankali a ƙasashe 60. Mafi yawan iyayen da ke kai 'ya'yansu irin waɗannan gidaje ba don ƙiyayya ba ne, rasa mafita ce. Amma mari ba ya da likita, ba ya da alƙali, ba ya kuma da wa'adi.

Yadda wasu ke ƙara wa'adi

Bari mu duba ƙasashe biyu da suka zauna suka yi wa wannan magana ƙa'ida, ba don su ne gwanaye ba, sai don mu ga yadda ake aunawa.

A Faransa, cikin Disamba 2004, wani da ya taɓa kwanciya a asibitin ƙwaƙwalwa na garin Pau ya koma can da dare ya kashe ma'aikatan jinya mata biyu. A 2007 alƙalai suka ce ba ya cikin hankalinsa, babu shari'a. Iyalan mamatan suka yi ta kuka cewa an rufe magana kamar ba a yi komai ba. Wannan ya jawo dokar 25 ga Fabrairu 2008, wadda ta ce kotu za ta zauna ta tabbatar cewa shi ne ya aikata, sannan ta bayyana cewa ba a hukunta shi saboda ciwo. Kotu tana iya tura shi asibiti, tana kuma iya gindaya masa sharuɗɗa, kamar kada ya kusanci wanda ya cuta, kada ya shiga wasu wurare, kada ya riƙe makami, har tsawon shekara 10, ko 20 in laifin babba ne. Amma sai da rahoton likita, kuma shi mutumin yana da ikon neman a sassauta ko a ɗage. Daga baya dokokin 2011 da 2013 suka ƙara cewa wanda aka kwantar a asibiti ba da yardarsa ba sai alƙali ya duba maganarsa cikin kwana 12, sa'an nan duk wata 6.

A jihar New South Wales ta Ostireliya, inda birnin Sidni yake, wanda ciwo ya hana a yi masa shari'a yadda aka saba ana yanka masa wa'adi daidai da abin da zai yi a kaso da lafiyarsa lau. Tun daga 2013, in wa'adin ya kusa cika, gwamnati tana iya roƙon babbar kotun jihar ta tsawaita sa ido a kansa. Kotu ba ta amsawa sai masana biyu sun duba shi, sai kuma ta gamsu ƙwarai da abu biyu: cewa akwai haɗarin ya yi wa wani mummunar illa, da cewa babu wata hanya mafi sauƙi da za ta kawar da haɗarin. Ƙarin ba ya wuce shekara 5 a karo guda, kuma wata kotu ta musamman tana sake duba halinsa, yawanci duk wata 6.

Abin lura a nan shi ne, ƙarin wa'adi ba ya zuwa da kansa. Mai son a ƙara shi ne zai kawo hujja, ba marar lafiya ne zai yi ta roƙon a sake shi ba. Haka nan sa ido ba lalle ne ya zama kulle ba. Mutum yana iya zama gidansu yana sana'arsa, da sharaɗin zuwa allura da ganin likita. Ita wannan dabara ma ba baƙuwa ba ce a Afirka, domin tun 1954 likita Thomas Adeoye Lambo ya fara ajiye marasa lafiya a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abekuta, kowa tare da ɗan'uwansa, suna zuwa magani da rana.

Magani shi ne ginshiƙi

Duk wannan tsari ba ya tsayuwa sai da magani. Ciwon da ke sa mutum jin muryoyi da zargin ana bin sa, wanda likitoci ke kira sikizofireniya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa yana kama kusan mutum 1 cikin 300. Mafi yawansu ba su taɓa cutar kowa ba, hasali ma su aka fi cuta, da jifa da duka da fyaɗe. Haɗari yana ƙaruwa ne in an bar ciwon ba magani, ko an yanke magani, ko an haɗa da tiramol, wiwi ko giya. Akwai ƙwayoyi na kullum, akwai kuma allura mai daɗewa a jiki wadda ake yi kamar sau ɗaya a wata, wadda ta fi sauƙin bi ga iyali. Wanda ya ji sauƙi ya daina da kansa, sau da yawa ciwon yakan dawo. Farfaɗiya kuwa ciwo ne daban, kada a haɗa.

A da in an ce asibitin ƙwaƙwalwa sai Jacquot a Kwatano, tafiyar fiye da kilomita 400 daga Paraku. Yanzu babban asibitin jihohin Borgu da Alibori da ke nan Paraku yana da sashen ƙwaƙwalwa, yana aiki tare da jami'ar da aka buɗe a 2001. A Jugu kuma akwai cibiyar ƙungiyar Saint Camille, wadda Grégoire Ahongbonon ya kafa. Shi ɗan ƙasar nan ne, mai facin taya ne a Buwake ta Kwaddibuwa kafin ya fara kwance masu taɓin hankali daga turu a farkon shekarun 1990, ya kuma buɗe cibiyarsa ta farko a Benin a Avrankou a 2004. Ƙungiyar ta Katolika ce, amma tana karɓar kowa, kuma da yawa daga masu aikinta tsofaffin marasa lafiya ne da suka sami sauƙi.

Inda abin ya fi shafar 'yan zango

Abu uku ne suka sa wannan magana ta fi mana nauyi. Na farko harshe. Binciken likitan ƙwaƙwalwa hira ce, ba awon jini ba. In mutum Hausa kaɗai yake ji, ko Hausa da ɗan Dendanci, aka sami tafinta wanda bai ƙware ba, to, mai lafiya da ya ce iska ta buge shi ana iya ɗaukarsa mahaukaci, marar lafiya kuma da ya yi shiru ana iya ɗaukarsa mai taurin kai. Na biyu takardu. Wanda ba ya da takardar haihuwa ko lambar shaida ta hukumar ANIP, neman sa a rajista wahala ne, sallamarsa ma wahala ce. Na uku dangi. Zangonmu mashiga ce: 'yan tireda, masu rakiyar shanu, yaran mota da 'yan ci-rani daga Gaya, Dosso, Kamba da Sakkwato. In ciwo ya kama ɗayansu a nan ya yi ɓarna, alƙali zai tambayi wa zai karɓe shi, in kuwa babu mai amsawa, zaman ya miƙe ke nan.

Kakanninmu da suka bi hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja ta Jugu sun san maganin wannan. Kowane baƙo yana da fatoma, mai masaukin da zai tsaya masa a kasuwa da gaban sarki. Wannan al'ada ce ya kamata mu farfaɗo da ita.

Abin da muke roƙo, da abin da ke kanmu

Ga hukuma, roƙonmu huɗu ne. Duk wanda kotu ta sallama saboda taɓin hankali a rubuta sunan asibitin da zai bi da sunan mutumin da ya karɓe shi. A sa ranar sake dubawa, kada ta wuce wata 6. Kada a ƙara wa'adin tsarewa ko sa ido sai da sabon rahoton likita da sa hannun alƙali, bayan an saurari marar lafiyar ta bakin tafinta. A kuma sanar da wanda aka cuta kafin a dawo da mutumin unguwa, domin tsoronsa gaskiya ne. Wannan ba baƙon roƙo ba ne, tun da sashe na 18 na tsarin mulki ya hana a tsare mutum fiye da awa 48 ba tare da alƙali ya sani ba, ƙasarmu kuma ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2012, ta yi nata dokar mai lamba 2017-06 a 2017.

Ga mu kanmu kuwa, aikin ya fi yawa. Duk takardar da aka ba ku a kotu ko asibiti, ku kai wa mai karatu a ranar, malaman lakwal muna nan, ba ma karɓar ko dala. Sarkin zango da limamai su naɗa mutum biyu ko uku, har da mace, masu riƙe littafi: wane ne ke tsare, tun yaushe, yaushe ne allurar wane. Mu malamai mun san amfanin kiran suna kowace safiya, don da shi muka gano yarinyar nan. Ƙungiyoyin adashi da na 'yan kasuwa su ware wani abu don kuɗin magani da na mota. In ɗan'uwa ya daɗe a tsare ba labari, a rubuta wa mai gabatar da ƙara na kotun, in ba a ji ba akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta ƙasa, akwai kuma Kotun Tsarin Mulki wadda kowane ɗan ƙasa ke da ikon kai mata kuka. A yi addu'a, a sha rubutu, amma kada a ce a bar allura. In an ga barci ya ƙaurace wa marar lafiya ko ya fara zargin mutane, a kai shi asibiti a makon, kada a jira sai an kira maƙeri.

Masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Babu gidan da ya karɓi takardar kariya daga wannan ciwo. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba waɗanda aka cuta haƙuri, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.